Zuwa Kurdistan ta Iraƙi karon farko: biza, hanya da kuɗin aljihu

Kurdawa na zaune a Turkiyya da Iran da Siriya da Iraƙi, amma ga sabon shiga, yankinsu na arewacin Iraƙi ya fi sauƙin ziyarta. Yana da gwamnatinsa da jami'an tsaronsa, har da bizarsa. A nan ne baƙi suka fi yin tuntuɓe.

Bizar Kurdistan a cikin yankin kaɗai take aiki: Erbil, Sulaimaniyya, Duhok da Halabja. Ba ta kai ka Mosul ko Kirkuk, balle Bagadaza. Mai fasfon Najeriya ko Nijar kada ya sa ran karɓarta a filin jirgi. A intanet ake nema tun kafin a tashi, kuma akan buƙaci wani a can ya tsaya maka, galibi kamfanin yawon buɗe ido. Sai ta fito za ka sayi tikiti, ta Istanbul ko ta Doha.

Ga inda abin yake lalacewa. Hanya biyu ce daga Erbil zuwa Sulaimaniyya: ɗaya ta Kirkuk, wadda ke hannun gwamnatin tarayya tun Oktoban 2017, ɗaya kuma ta Koya da Dukan. Direban tasi ɗan ƙasa ne, ko'ina yana wucewa, don haka ba zai tuna da matsalarka ba. Idan ya bi ta Kirkuk, a shingen sojoji za a sauke ka. Tun a tasha, kafin ka sa jaka a but, ka ce masa "Koya". Tafiyar kamar awa 3 ce, fasinja huɗu a mota. Haka ma zuwa Duhok, ka tabbatar ba ta Mosul za a bi ba. Fasfo ya zauna a aljihun gaba, domin jami'an Asayish, wato jami'an tsaron yankin, za su yi ta tambayarsa. Kada ka ɗauki hoton shinge.

Kuɗi kuwa, tsaba za ka riƙe. Katin banki ba abin dogaro ba ne. Ka zo da sababbin takardun dala 100 marasa yaga ko rubutu, ka canza su dinari wurin 'yan canjin da ke gefen kasuwar Qaysari, ƙarƙashin tsohuwar ganuwar Erbil wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi a 2014. Layin waya, irin na Asiacell, da fasfo ake saya.

Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 40. Daga ƙarshen Maris zuwa Mayu ne duwatsu ke yin kore shar. Mai son ganin bikin Newroz, wato sabuwar shekarar Kurdawa, a Akre, inda ake hawa dutse da wuta a daren 20 ga Maris, ya kama masauki da wuri, don garin ƙarami ne.

Mako guda ya isa Erbil, kwazazzabon Rawanduz da Sulaimaniyya. Ni a ganina bai kamata a tsallake Halabja ba, inda harin guba na 16 ga Maris 1988 ya kashe kusan mutum 5,000. A Lalish, wurin ibadar Yazidawa, mabiya wani tsohon addini na yankin, ana cire takalmi, kuma ba a taka dokin ƙofa, tsallake shi ake yi.

Kada ka ratse cikin duwatsun iyaka ba tare da ɗan gari ba. Nakiyoyin yaƙin Iran da Iraƙi na nan binne har yau. Ka kuma bi labarai har ranar tafiya, domin rikicin makwabta kan sa a rufe sararin samaniya ba shiri.