Mako na bakwai: ƙanƙara ta tona asirin ma'aunina

'Yan uwa masu koyon dafuwar leda, sallama daga Mamobi, unguwarmu a Akra. Makon jiya kun ji ni shiru, ba komai ba ne illa kunya. Ƙwai goma sha biyu na ɓata cikin kwana uku, kuma da hannuna na ɓata su.

Ga waɗanda suka shigo cikinmu kwanan nan: abin da Faransawa ke kira sous vide shi ne a rufe abinci cikin leda, a cire iska, a tsoma a ruwan da inji ke riƙe wa zafi ɗaya na tsawon lokaci. Wani kuku mai suna Georges Pralus ya yi fice da shi tun 1974 a gidan abincin Troisgros da ke Roanne. Duk sana'ar a kan digiri ɗaya ko biyu take tsaye.

Na sa injina a digiri 63, yadda aka saba yi wa ƙwai, don gwaiduwa ta fito da kauri kamar madarar gwangwani mai zaƙi. Sai shaiɗan ya raya mini in tsoma ɗan ma'aunin zafin da na saya mai araha a Circle, nan cikin Akra, mai tsinke kamar na tsire. Ya nuna 64.7. Na ce wato injin ne ke cuta ta, na sauke shi zuwa 61.3. Ƙwan da ya fito ko kare sai ya yi shawara, farin tsululu kamar koko bai ji wuta ba. Na ƙara lokaci, na canza mai sayar mini da ƙwai, na zagi dumsor, wato ɗauke-ɗauken wutar nan namu na Gana, ban taɓa zargin ma'aunin ba, don yana nuna har lamba bayan ɗigo.

Ranar Laraba na je kasuwar Nima sayen nama wurin kawuna, na kwashe labari na ba shi. Ko ɗaga kai bai yi daga katakonsa ba.

"To, wa ya auna shi ma'aunin naka?"

Na ce, "Kawu, ai na lantarki ne."

"Kai yaro, sikelin nan da kake gani ya girme ka, amma kullum da safe sai na ɗora masa dutsen fam ɗaya kafin in yanka wa kowa."

Dutsen fam ɗayanmu mu masu ma'aunin zafi ita ce ƙanƙara. Ku ji yadda ake yi, don a karon farko ni ma kuskure na yi. Na daskarar da fiya wata leda biyu, na daka a turmi, na cika kofi da ita har baki, sannan na zuba ruwan sanyi ɗan kaɗan, iyakar wanda zai cike ramukan da ke tsakani. Idan ƙanƙarar ta taso tana yawo a sama, ruwa ya yi yawa, kuma na ƙasan zai fi sifili ɗumi. A juya, a jira minti biyu ko uku, a sa tsinken a tsakiya, kada ya taɓa gindin kofi ko gefensa, a riƙa motsa shi a hankali. Kada gishiri ya kusanci wurin, yana sauke ma'aunin daskarewa. Ma'auni mai gaskiya zai tsaya a 0. Nawa ya tsaya a 1.6, yana kallona.

Gwaji na biyu tafasasshen ruwa ne. A nan mu 'yan Akra mun yi sa'a, muna bakin teku, ruwanmu yana tafasa daf da 100. 'Yan uwanmu na Aboabo da Asawase kuwa kada su tayar da hankali idan suka ga 99 da ɗoriya, domin Kumasi tana kan tudun da ya kai wajen mita 250, kuma duk hawan mita 300 ruwa yana rage kusan digiri ɗaya kafin ya tafasa. Nawa dai 101.8 ya ce.

Akwai dabara ta uku da na fi so. Sifili da ɗari duk sun yi nisa da inda muke girki, tsakanin 55 da 65. Sai na ɗauko ma'aunin zazzaɓin yara na uwargida, wanda aka ƙera don ya yi daidai ƙwarai a 'yan digirorin da ke kewaye da zafin jikin mutum. Na sa injin a 40, na tsoma bakinsa, ya nuna 40.1. Ashe injin nan bawan Allah ne, ni na yi masa ƙazafi.

Abin da ya hana ni barci ba ƙwan ba ne. Da ƙirjin kaza na sa fa? A digiri 60, bayan tsakiyar naman ta kai wannan zafi, sai an riƙe ta wajen rabin awa kafin ƙwayar salmonela ta mutu yadda ake so. A 58, inda da na sauke injin saboda ƙaryar ma'aunin, lokacin kusan ninkawa yake yi. Da na ciyar da yara abin da na ɗauka ya dahu.

Don haka da na tashi sayen sabo, ga abin da na duba. Lambar bayan ɗigo ado ce kawai. A nemi inda aka rubuta iyakar kuskurensa a bayan kwali: ±0.5, wato rabin digiri sama ko ƙasa, ko abin da bai kai haka ba ya yi, ±1 a lallaɓa, ±2 a bar wa mai soya ƙosai, wanda kuwa bai rubuta komai ba a ajiye shi a yi gaba. Thermapen ONE na Ingila yana da ±0.3, kuma cikin daƙiƙa ɗaya yake karantawa, amma kuɗinsa sai mai ɗan uwa a Landan. Sauri bai dame ni ba, ruwan da zai yi awa biyu ba ya gudu. Na fi kula da maɓallin saiti, wanda za a iya mayar da shi sifili a cikin ƙanƙara, da kuma alamar IP67, wato yana jure nutsewa a ruwa mita ɗaya na minti 30, tunda ran da zai suɓuce cikin ruwan girkin yana nan tafe. Bindigar auna zafin goshin nan da ta cika gari a 2020 kuwa saman abu kaɗai take gani, tururi ma ruɗa ta yake yi. Sannan a duba C ne, wato Celsius namu, ko F, wato Fahrenheit, don 140 na Amurkawa shi ne 60 namu.

Wanda na samu na tsaka-tsaki ne, ±0.5. Na tafi shagon da fulas ɗin ƙanƙarata, mai shagon yana dariya, na gwada uku a gabansa na ɗauki wanda ya nuna 0.1. Tsohon kuma na manna masa takarda na rubuta "cire 1.7", na bar shi don man suya.

Jiya na mayar da injin 63, ƙwai huɗu, minti 50. Gwaiduwa ta zauna a kan waken safe ba ta gudu ba. Mako mai zuwa zabo zan gwada, in wuta ta bari. Kawu ya ce a kawo masa cinya ɗaya ya latsa da babban yatsa ya gani.