Godiya bayan aikin gwiwar Hajiyarmu

Alhamdu lillahi. Yau wata uku cif da aka yi wa Hajiyarmu aikin sauya gwiwar dama, kuma da safen nan ta tako har zaure ba sanda. A madadin iyalai ina miƙa godiya ga duk wanda ya zo dubiya, ya kira waya ko ya sa mu a addu'a. Masu kawo kunu da farfesu asibiti, Allah ya bar zumunci.

Amma akwai godiyar da na ware daban, ta likitanta da ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi, saboda zaman da suka yi da mu tun kafin a shiga tiyata. Mu dai mun je da tunanin ana sa sabuwar gwiwa sai Hajiya ta miƙe kamar 'yar shekara ashirin. Likita ya ɗauko samfurin gwiwar ya sa mata a hannu, ƙarfe sama da ƙasa, roba mai tauri a tsakani a madadin guringuntsin da ya cinye. Ta jujjuya shi, ta ce, "To likita, zan yi sujada?" Bai ɓoye mata ba. Ya ce ta sa rai da sallar kujera na tsawon lokaci, kuma zaman tahiya a ƙasa ba lallai ya dawo ba. Ranar ta yi hawaye a mota, ni ma har na ji haushinsa, na ce wannan bai iya lallashi ba. Ashe gata ya yi mana.

Sun ce washegarin aiki za a tashe ta tsaye da ƙarfen tafiya mai ƙafa huɗu, haka kuwa aka yi. Sun ce makonnin farko ciwo zai ƙaru kafin ya ragu, gwiwa za ta kumbura ta yi ɗumi, gefen ɗinkin zai zama kamar ba jikinta ba. Da dare ya hana ta barci, 'yan dubiya suka fara kawo shawarar mai ɗori da man shafawa, ita da kanta take ce musu an riga an gaya mata. Sai ta sa a kawo ƙanƙara, ta sha maganin hana jini daskarewa, ta koma lanƙwasa ƙafa tana ƙirgawa da carbi. Masai na zama ma tun kafin aikin muka sa aka haɗa, don an gargaɗe mu kan tsugunno, kuma sai da sukarinta ya daidaita aka ba mu rana.

Yayanmu da ya ɗauki nauyin kuɗin, da ƙanwarmu da ta kwana biyar a kan tabarmar asibiti, Allah ya saka muku da 'ya'ya masu jin ƙai. Muna roƙon a ci gaba da addu'a, don likita ya ce sauƙi na iya ci gaba har shekara guda, kuma Hajiya ta fara tambayar yaushe za a duba ta hagun.