Kemis a lokacin bazara

Ina da ɗan kemis a wata unguwa a Gusau, da yara biyu masu taya ni tsaron kanta. Cinikinmu yanayi yake bi. Da damina maganin zazzaɓin cizon sauro ke tafiya, da hunturu na tari da mura. Amma daga Maris zuwa Mayu ba na son yin nisa da shago, saboda sanƙarau.

Matsalar ciwon nan ita ce yana shigowa kamar kowane zazzaɓi: jiki ya ɗau zafi, kai ya yi ta sara, sai amai. Daga cikin gida za a aiko yaro ya sayo farasitamol. Shi ya sa na hana yarana miƙa magani sai sun yi tambaya. Wuyan mara lafiya ya sanƙare? Yana gudun haske? Ya yi jijjiga, ko ya fara sambatu? In jariri ne, maɗigarsa ta kumbura? Ko ɗaya aka amsa da e, babu ciniki. Nakan bi ɗan aiken har ƙofar gida in ce wa maigidan, "Alhaji, don Allah a tafi asibiti yanzu, kada a jira gari ya waye." Sanƙarau yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira kuma wani lokaci da kurumta yake tashi. Maganinsa allura ce ta asibiti, mu kuwa lasisinmu na PCN, hukumar da ke kula da masu sayar da magani, bai ba mu damar yin allura ba. Wasu kan ji haushi su wuce wani shagon. Wannan yana damuna ƙwarai, domin na san awannin da za a ɓata su ne rayuwar yaron.

Mu a Zamfara ba labari aka ba mu ba. Annobar 2017 daga nan ta tashi, ta ci rai fiye da 1,000 a ƙasar. Manya kuma suna tuna ta 1996, wadda ta kashe sama da mutum 11,000. Busasshiyar iska da ƙura suna raunata hanci da maƙogwaro, ga mutane cunkushe a ɗaki ɗaya taga a rufe, ƙwayar cutar sai ta bi tari da atishawa. Don haka nake yawan yi wa malaman makarantun allo magana a kan wurin kwanan almajirai, a rage cunkoso, a bar iska ta shiga.

Idan an zo rigakafi ni ne mai shela a bakin kanta. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar. Ƙyanda ma lokacinta ke nan, shi ya sa nake tambayar iyaye mata ko an yi wa yaro allurarta ta wata 9 da ta wata 15.

Zafin bai bar kayan shago ba. Yawancin kwalaye an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, alhali a ƙarƙashin kwano rana tana wuce 40. Dole na yi silin, na janye kantoci daga bangon yamma, na sa fanka mai sola. Sarin sirof ma kaɗan-kaɗan nake yi daga Kano, ko da kuɗin mota zai ƙaru, har sai ruwan farko ya sauka.