Jinyar ciwon aikin ƙashi a Ingila: abin da sabon zuwa ya kamata ya sani

Abin da ke fara ba mutanenmu mamaki a Ingila shi ne saurin sallama. A canja wa mutum gwiwa ko ƙugu, ko a sa masa ƙarfe a karaya, bayan kwana ɗaya zuwa uku a ce ya tafi gida, wani ma a ranar. Mun saba da mai jinya a gefen gado, nas tana wankin ciwo kullum. A nan takardar sallama za a miƙo maka da jakar magani, sauran aiki naka ne. Wanda bai yi rajista da GP ba, wato likitan unguwa, ya yi tun kafin ranar aiki. Kyauta ne.

Babban aikinka da bandeji shi ne ka ƙyale shi. Yawancin wanda suke liƙawa ba ya shan ruwa, kuma an yi shi ne ya kai mako guda ko fiye. Duk leƙen da ka yi, ƙofa ka buɗe wa ƙwayoyin cuta. Ɗan tabon jini a kwanakin farko ba komai ba ne. Ka zagaye shi da biro, gobe ka duba ko ya tsallake layin. Ana canjawa ne idan ya jiƙe sharkaf, ko gefensa ya ɗaga, ko ruwa ya shiga.

In canjin ya zama dole, a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20. A danne fata da yatsa, a ɓare bandejin a kwance sannu a hankali, don fatar da ta kumbura fizga ɗaya ke saɓule ta. A awa 48 na farko ruwan gishiri na asibiti ake amfani da shi, bayan nan ruwan famfo ya wadatar. A goga daga bakin ɗinki zuwa waje, kowane ƙyallen asibiti shafa ɗaya a yar. Ban da auduga, zarenta na maƙalewa a ƙarafan ɗinki, wato ƙananan ƙarafan da ake haɗe bakin ciwo da su maimakon zare. A bari ya bushe, a liƙa sabo ba tare da an taɓa cikinsa ko an ja shi ba. A gwiwa, a ɗan lanƙwasa ƙafa kafin a liƙa, in ba haka ba da ka fara tafiya zai ɗaure, fata ta yi bororo.

Man kaɗanya, zuma, man zafi, gashi da ruwan zafi irin na bayan ɗori, duk a ajiye su. Ƙarfe ne a ƙarƙashin ɗinkin nan, kuma ƙwayar cuta in ta manne wa ƙarfe magani ba ya cimma ta da sauƙi, har takan kai ga sake buɗe wurin. Haka ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka taho da shi daga gida: shan sa na iya ɓoye cutar a gwaji, ya ɓatar da likita.

Ana iya wankan shawa bayan awa 48 in asibiti bai hana ba, amma ban da jiƙa a baho. Mai aikin ƙugu ya kula da ruwan buta lokacin tsarki, ta nan yake lallaɓawa ƙarƙashin bandeji. A alwala shafa ake yi a kan ɗauri, salla kuma a kujera.

Takardun asibiti za su ce a lura da jan fata. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, wurin duhu yake ƙarawa. Ka taɓa gefen ciwon da bayan hannu ka gwada da ɗaya ƙafar. Zafi, kumburi ko zogin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, mugunya, wari, zazzaɓin da ya kai digiri 38, ko ciwo da kumburi a sha-raɓa: a kira lambar ɗakin da aka kwantar da kai a ranar, in ba a samu ba a kira 111, layin neman shawarar lafiya. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kuwa 999 ne, lambar agajin gaggawa, don gudan jini na iya hawa huhu. Kada kara ta sa ka jira Litinin.

Za a iya ba ka allurar hana daskarewar jini ka riƙa yi wa kanka a fatar ciki, sau da yawa kwana 14 bayan aikin gwiwa, 28 bayan na ƙugu. Nau'in allurar da ake kira heparin daga alade ake samo shi. Wanda hakan ya dama ya faɗa tun kafin aiki, akwai wasu magungunan, amma kada ya daina da kansa.

Cire ɗinki yakan faɗo tsakanin kwana 10 zuwa 14. A wurare da yawa kai za ka buga wa nas ɗin GP ka kama rana, don haka ka buga tun ranar sallama, layi na cika. In an ba ka ɗan almakashin cire ƙarafan, ka tafi da shi.