Mikro mara waya don aikin sono a Yamai: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Jama'ar biki suna yafe wa DJ idan waƙa ta ɗan tsaya, amma ba sa yafe masa idan muryar mai gabatarwa ta riƙa yankewa yana tsakar kiran sunayen dangin ango, ko bafil ya fashe da ƙara ana addu'a. Mafi yawan mikro da ke kunyata mai shi, tun a shago aka yi kuskuren: an kalli sunan kamfani da "mita 200" da aka buga a kwali, ba a kalli zangon siginar rediyo da yake aiki a kai ba.

Ka juya akwatin karɓa, wato akwatin da ke kama siginar mikro, ka karanta ƴar takardar da ke manne a ƙasansa ko bayansa. Za ka ga lambobi biyu da MHz a gabansu, su ne farko da ƙarshen zangonsa. In sun faɗa tsakanin 470 da 694, kana inda ya dace. In sun haura 694, ka dakata tukuna. A tarukan hukumar sadarwa ta duniya, ITU, na 2007 da 2012 aka buɗe wa kamfanonin salula zangon 790 zuwa 862, sannan 694 zuwa 790, a yankin da Afirka take ciki. Tsofaffin mikro da yawa da ke zuwa daga Turai a can suke aiki, shi ya sa suke araha. Ƙarfin mikro ɗinka bai wuce miliwat 10 zuwa 30 ba (miliwat dubu ke yin wat ɗaya), ƙarfen sabis kuwa da wat ake lissafa nasa. In suka haɗu a tasha ɗaya, an san wanda zai yi shiru. Kayan gwanjon Amurka labarinsu daban ne: can an hana mikro mafi yawan zangon 600 tun Yulin 2020, sai kaya masu kyau suka fito kasuwa. Wanda yake ƙasa da 694 zai yi aiki a nan, amma ka duba cajarsa, don da yawa na wuta 120 ne, tamu kuwa 220. Dokar rabon zango a Nijar tana hannun hukumar kula da sadarwa, ARCEP, mai manyan taruka ya kamata ya tambaye su.

Zangon 470 zuwa 694 ma ba kango ba ne, gidan talabijin ne. Kowace tashar dijital tana cin MHz 8 cif, kuma wurin da yake fili a Yamai ba lallai ya zama fili a Tawa ko Maraɗi ba. Don haka mikro mai tasha ɗaya tak wadda ba ta canzuwa bai dace da mai yawo da kaya ba, duk ingancinsa. Ka nemi wanda akwatinsa ke binciko tashar da ba kowa da kansa, kuma a sake binciken a kowane sabon wuri. Na VHF, wato zangon da ke ƙasa da wannan, masu dogayen eriya da ake zuƙowa, a bar wa ɗakin taro ƙarami. Hayaniyar gurup da fitilun ado tana shigarsu da sauƙi. Na 2.4 GHz suna da daɗin haɗawa, sai dai zangonsu ɗaya da Wi-Fi da Bluetooth, ga shi jikin mutum yana shanye siginarsu. A biki mai ɗaruruwan wayoyi, kada ka sa ran fiye da mita 20 zuwa 30.

Abin da ya fi cin mutane shi ne maganar eriya biyu. Siginar da ta bar mikro ba hanya ɗaya take bi ba. Wata ta tafi kai tsaye, wata ta bugi ƙyauren ƙarfe, ko kwanon rufi, ko ƙarafan tanti, ta dawo. Inda suka iso a saɓe sai su kashe juna. A 550 MHz tsawon igiyar siginar kusan santimita 55 ne, shi ya sa taku ɗaya kawai ke kai mai magana inda murya ke ɓacewa, taku na gaba ta dawo. Maganinsa akwatin da ke saurare ta eriya biyu a lokaci guda, yana ɗaukar wadda ta fi ƙarfi. To, akwatunan araha masu mikro biyu su ma eriya biyu gare su, amma kowane mikro da tasa guda. Gane su ba wuya: a kunna mikro biyun, a kai su nisan mita 20, ka kwance eriya ɗaya. In ɗaya ya mutu ɗaya na aiki, kowa tasa ce. A akwati na ƙwarai za ka ga alamar A da B suna karɓeɓeniya yayin da mai mikro ke tafiya.

Cikin waɗanda aka sani, Shure BLX shi ne matakin farko mai mutunci: pil AA biyu suna kai shi har awa 14, amma eriyarsa a ciki take in ba samfurin BLX4R ba. Sennheiser EW 100 G4 jikinsa ƙarfe ne, yana da cikakken tsarin eriya biyu da faɗin zango har MHz 42, pil na kai shi wajen awa 8. A ganinmu shi ya fi jure hannun jama'a. Na dijital irin SLX-D na Shure da EW-D na Sennheiser sautinsu ya fi tsabta, jinkirin isowar murya a cikinsu bai kai ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba, amma ba sa gargaɗi: maimakon shuuu da na da ke yi in an yi nisa, su ɗif suke ɗaukewa. Jabun waɗannan sunaye sun cika kasuwa, kwalinsu har ya fi na asali sheƙi. Sabo fil a rabin kuɗin da aka san shi, ba sa'a ka yi ba.

In mikro sun kai uku, wata matsala na tasowa ko da kowa da tasharsa. Biyu da ke kusa da juna suna haifar da sigina ta uku. Misali, ɗaya na kan 550.0, ɗaya na kan 550.5, sai ƙarar bogi ta bayyana a 549.5 da 551.0. Wanda ya jera tashoshinsa da tazara iri ɗaya ya ɗora mikro na uku daidai kan wannan ƙara. Kamfanoni sun riga sun yi lissafin, sun haɗa tashoshin da ba sa karo da juna a rukuni ɗaya. Ka zaɓi rukuni guda, ka saita na farko ka bar shi a kunne, sannan ka binciko wa na biyu, haka har ƙarshe.

Akwatin karɓa ya hau sama da kan mutane, wajen mita biyu, eriyoyin a buɗe kamar harafin V, suna ganin inda za a tsaya magana. Kada a binne shi a akwatin ƙarfe ko a ɗora shi kan ampili, kuma ya nisanci kwamfuta da na'urar Wi-Fi. Mai mikro kada ya matso ƙasa da mita 3. In teburin DJ yana bayan taro, a kai akwatin gaba, a jawo sautin da doguwar wayar XLR, irin ta mikro mai waya. Ta fi doguwar wayar eriya riƙe ƙarfi nesa ba kusa ba.

Pil ɗin rediyo masu arha ba sa ɗaukar mikro, cikin ɗan lokaci nisa zai ragu, murya ta fara karyewa. Ko alkalin na asali, ko masu caji na NiMH masu 1.2 V, da caja mai cajin kowanne daban. A sa sabbi kafin a fara, a cire bayan an tashi, don zafin watan Afrilu da Mayu yana sa su yoyo su cinye ƙarafan ciki. Kada kaya su yini a rufaffiyar mota. Akwatin kuma a sa shi kan ondiler tare da teburin sauti, don lokacin da aka ɗauke wuta aka koma gurup, wutar na hawa da sauka, nan ne caja ke ƙonewa. Lokacin hazo a riƙa kwance ragar kan mikro ana wanke sosonta, ya bushe sarai kafin a mayar.

Maroƙi ko zabiya ba za su rage murya don kayanka ba, saboda haka ka rage ƙarfin shigar sauti a jikin mikro ɗin kansa har fitilar ja ta daina kamawa in an yi ihu, sannan ka yanke sauti mai kauri na ƙasa da 100 Hz a tebur. Ka nuna wa mai gabatarwa ya riƙe a tsakiya. In ya dunƙule kan, mikro zai ɗauki sauti ta ko'ina, bafil ya yi kuka. In ya rufe gindin, ya rufe eriya. Ka kulle maɓallan. Mikro mai waya irin SM58 da igiya mita 15 ya zauna a jone a layinsa, an riga an saita shi.

Kafin ka biya, ka ce wa mai shago a fita waje da shi. Wani ya riƙe mikro yana ƙirga da ƙarfi, ya yi nisan mita 40, ya juya wa akwatin baya, ya ratsa cikin mutane, ya wuce bayan mota. Daga nan a kashe mikro a bar akwatin a kunne, sautin tebur a buɗe. In bafil ya yi tsit, matsarar hayaniyarsa, wadda ke rufe sauti in ba siginar mikro, na aiki. In ya saki shuuu, ka ƙara ta mataki ɗaya ka sake gwajin tafiyar, don duk ƙarin da aka yi mata yana rage nisa.