Mako shida da kwance littafin Baba: faci ya ƙare, saura ɗinki

'Yan uwana masu koyon gyaran littafi, assalamu alaikum. Jiya da daddare na ɗaga dutsen guga daga kan shafi na ƙarshe da na yi wa faci, na tarar ya bushe shar, babu tattara ko ɗaya. Yau mako shida ke nan cif da na kwance littafin, shi ya sa na ga ya kamata in gaya muku inda aka kwana, da abin da ya yi kyau da wanda ya ɓaci a hannuna.

Littafin dai shi ne Magana Jari Ce na ɗaya, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya, aka fara buga shi a 1937. Namu ba bugun farko ba ne. Sunan kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ne a jikinsa, shi kuwa kamfanin a 1966 aka kafa shi. A cikin bango mai kanti ya rubuta kuɗinsa da fensir, sule ne da kwabo, naira kuwa sai a Janairun 1973 ta zo. Ke nan tsakanin waɗannan shekaru kakana ya sayo wa Baba shi. Daga Baba ya koma hannun Goggo, daga ita sai mu, yanzu kuma 'yata ce ke nema a karanta mata labarin aku kowane dare. Imam ya tattaro labaransa daga tushe da yawa, na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya sa musu rigar Hausa. A gidanmu dai mu ɗauka muke labarin ƙofar gidan sarkinmu ne.

Makon farko ban taɓa allura ba. Littafin ya shekara da shekaru a adaka jingine da bangon ƙasa, gara ta ci kusurwar ƙasa ta wajen shafi ashirin, kyankyasai kuma sun lashe mannen gadon bayansa. Na sa shi a leda biyu, na matse iska, na ɗaure tam, na kai wa wani maƙwabci mai sayar da ƙanƙara wanda firizarsa ba ta mutuwa. Kwana bakwai ya yi a ciki don a kashe ƙwari da ƙwayayensu. Da na ɗauko, ban buɗe ledar ba sai da ya yini ya kwana, domin raɓar da sanyi ke tarawa ta tsaya a bayan leda kada ta sauka a takarda. Sannan na bi shi shafi-shafi da buroshi mai taushi, daga tsakiya zuwa baki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗinkin Goggo. Lokacin da zaren asali ya tsinke, ita ce ta huda littafin daga gefe da basilla, ta zura zaren buhu, ta ɗaure. Ɗinkin nan shi ya hana shafukan warwatsewa tsawon shekaru, Allah ya saka mata da alheri. Amma ya hana littafin buɗuwa sosai, duk yaron da ya danne shi don ya ga farkon layi sai takardar ta tsage daga wajen hudar. Na yi kwana biyu ina juya maganar kafin na yanke shi. Zaren na nan na adana a ambulan, zan liƙa ambulan ɗin a cikin bangon baya.

Da na kwance sai littafin ya rabu ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi 'yan takardu ne da aka ninka tare. Na sa wa kowanne lamba da fensir a ƙasa. Takardar ta yi ruwan ƙasa, bakinta na karyewa kamar busasshen ganye. Irin takardar da ake yi da niƙaƙƙen itace ce, tsami na taruwa a jikinta da tsufa, zafi da hasken rana kuma suna ƙara masa gudu. Ba na iya mayar da ita fara, ban kuma nema ba.

Salatif ya ci mini mako guda. Wani cikinmu ya liƙa shi a shafi tara muna yara. Ledar saman ta ɗago da sauƙi da na hura mata ɗumin na'urar busar da gashi daga nesa, amma danƙon ya riga ya shige cikin takarda, ya bar tabo mai maiƙo wanda har rubutun baya ake hangowa ta cikinsa. Na murje abin da ya murzu, sauran ya zauna har abada. Don Allah, ko yaya littafi ya yage, a ajiye shi a haka ya fi a sa masa salatif.

Sai maganar manne, inda na fi daɗewa. Na fara gwada ƙaro a kan tsohuwar jarida, tunda shi muka sani. Yana kamawa, amma in ya bushe sai ya yi ƙyalli ya yi tauri, da an lanƙwasa sai ya tsage. Farin gam na kafintoci kuwa in ya kama ya kama ke nan, wanda zai zo gyara bayana ba zai iya ɓamɓare shi ba sai da fatar takardar. Na koma ga sitacin alkama, don shi ɗan danshi ke sake shi. Ga yadda nake yi: in kwaɓa fulawa da tauri, in bar ta ta huta, in yi ta matsa ta a cikin kwanon ruwa har farin ya fita, danƙon ya rage a hannu. In ruwan ya kwanta sai in tsiyaye, in shanya farin a inuwa. Cokali ɗaya na sitaci, cokali biyar na ruwa, wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa ba tsayawa har wajen minti ashirin, sai ya daina fari ya koma garai-garai kamar kamu ya dahu. In ya huce a tace da rariya, a sassauta shi da ruwa. Mannen kwana uku kawai nake dafawa, bayan haka tsami yake yi.

Takardar facin kuma ta Japan ce, wadda ake yi da ɓawon itace, siririya har ana karatu ta cikinta amma zarenta dogo ne. Ba a yanka ta da almakashi. Ana jan layi da jiƙaƙƙen buroshi a yage, bakin ya fito da gashi-gashi, shi ne ke narkewa a jikin shafi ba tare da ya bar tudu ba. A shafa, a lallatsa da bayan cokali, a sa takarda mai shan ruwa da farin alawayyo, a ɗora nauyi. Da yake hunturu ne, mannen na bushewa a kan buroshi kafin in kai hannu, don haka da asuba nake aiki.

Yanzu ga abin da ya ɓaci. A shafin farko kakana ya rubuta sunan Baba da ajami, da addu'ar Allah ya ba shi ilimi mai amfani. Tsagar ta ratsa ta gefen rubutun. Na yi facin ta baya, ina ganin na tsira, ashe mannen ya yi ruwa da yawa. Danshi ya ratso, harafi biyu suka baje ina kallo. Tawadar allo ce, wadda ake haɗawa da ƙaro, an yi ta ne don ta wanku, kuma na san haka tun ina makarantar allo. Na danna takarda mai shan ruwa da sauri, ya tsaya a nan, amma na kasa cin abinci a daren. Tun daga ranar duk rubutun hannu sai na gwada shi: ɗan auduga a bakin tsinke, a jiƙa kaɗan, a taɓa wutsiyar harafi ɗaya, a duba ko ya ɗauko launi. In ya ɗauko, sai in shafa manne a takardar facin a kan wata takarda mai shan ruwa, in jira ya kusa bushewa kafin in ɗora.

Sauran alamun hannu duk na bar su. Tabon manja a shafin da Goggo ta fi so, doki mai ƙafa biyar da ƙanena ya zana, layukan da Baba ya ja a ƙarƙashin kalmomin da bai gane ba yana aji huɗu. Wani abokina ya ce in sa a datse bakin littafin da injin ya yi tsaf, ban yarda ba, domin rabin zanen dokin a bakin shafi yake.

Takarda biyu na ƙarshe sun ɓace tun ban yi wayo ba. Na aro sabon bugu don in yi hoton shafukan, sai na ga tsarin layukan bai zo ɗaya da namu ba. Na kai wa Baba maganar, ya ce in kawo masa farar takarda daidai girman shafin, shi zai kwafe da hannunsa. Na yanka masa, na ja masa layi da fensir, na ba shi alƙalamin da na gwada tawadarsa da ruwa ba ta baje ba. Ya ce ranar Juma'a bayan an sauko zai zauna.

Da ya gama zan fara ɗinki. Zaren auduga mai ƙwari na samo, na goge shi da kakin zuma don kada ya riƙa sarƙewa, kuma ta tsofaffin hudojin tsakiyar ninki zan bi, ba zan ƙara sababbi ba. Gadon baya zan yi masa shafi da akoko. Abin da ban yanke ba tukuna shi ne bango: ko in mayar da tsohon a kan sabon kwali, ko in kai wa baduku ya yi masa riga ta fata irin ta gafaka, tsohon bangon ya zauna a ciki. Wanda ya taɓa ɗaga tsohon bango mai karyewa ya ɗora a kwali, ina neman shawararsa kafin Asabar.