Sukari a kan naman tattabara

Ranar da na sauka a birnin Fas na ƙasar Maroko, autan gidan da zan zauna ne ya tarye ni a Bab Bujulud, ƙofar nan mai shuɗin ado ta waje, kore ta ciki. Daga nan mota ba ta shiga. Ya saɓa jakata ya kutsa lungu, ina binsa ina haki, sai na ji tsawa daga baya: "Balak! Balak!" Kafin in waiga ya finciko ni jikin bango, alfadari ya wuce da tukwanen gas. Kalmar farko ke nan da na koya a Larabcin Maroko, wato a kauce.

Mako 3 na yi a gidan. Uwar gidan ta ce in kira ta Halti, kamar yadda 'ya'yan 'yan'uwanta ke kiranta, ita kuwa ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai "binti", wato 'yata. Na zo da dogon jerin wuraren da zan gani, amma aikin da ta fara ba ni shi ne rakiyar burodi. Kullum da safe takan kwaɓa fulawa, ta jera a faranti ta rufe da ƙyalle, auta ya ɗora a ka zuwa farran, gidan gashin unguwa. Mai gashin bai rubuta komai, amma bai taɓa haɗa burodin wani gida da na wani ba. A wannan kai da kawowa na haddace hanya, don taswirar waya ta sha ɓatar da ni a lungunan nan.

Na dai je wuraren. Masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihri ta assasa a shekarar 859, ya ba ni mamaki: gidaje da shaguna sun rungume shi ta ko'ina, sai ka zo bakin ƙofarsa ba ka sani ba. Na ziyarci zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, na tarar da baƙi daga Senegal suna wazifa. Majemar Shuwara kuwa, ana miƙa wa mai kallo ganyen na'a-na'a ya kanga a hanci, domin da kashin tattabara ake laushin fata. Ganyen bai taimake ni ba, gaskiya.

Ran Juma'a kuskus ake ci bayan an sauko daga masallaci. Sau 3 Halti ke turara shi, tana saukewa tana murzawa da hannu, sannan a tula a akushi ɗaya da kabewa da karas, nama a tsakiya. Kowa gabansa yake ci, kuma nama sai a ƙarshe. Ni ban sani ba, hannuna ya miƙe tsakiya tun lomar farko. Babu wanda ya tanka, auta ne kawai ya ƙunshe dariya. Daga baya Halti ta yayyaga naman ta turo mini kaso mafi tsoka tana cewa "Kuli, binti, kuli," wato ci, 'yata, ci. A gidan nan in ka ce ka ƙoshi, kamar ka ce a ƙaro ne.

Abin da ya kusa ba ni kunya shi ne bastila. Daren da zan tafi ta yi mini ita, kuma tun hantsi take aiki: naman tattabara da albasa da ƙwai da soyayyen almon, a naɗe cikin ɓawon fulawa siriri kamar takarda, an barbaɗe saman da garin sukari da kirfa. Sukari a kan nama! Na gutsura don kara, ina shirin haɗiyewa da shayi. Gishirin ya fara zuwa, zaƙin ya biyo baya, ɓawon yana ƙaras-ƙaras, sai na ga hannuna ya koma da kansa.

Halti tana tsiyaya shayi daga can sama don ya yi kumfa, ba ta ko dube ni ba. Ta dai sa yatsa ta juyo farantin, ɓangaren da ba a taɓa ba ya dawo gabana.